Ranar da Malama ta hana sayar da keken ɗinki

Malamarmu, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kasance kogin ilimi, mai zuhudu da tsantseni, wadda ko bayan idanunta sun dushe ba a taɓa jin ta yi tuntuɓe a aya ba. Daga cikin karamominta akwai abin da ya faru da wata maɗinkiya.

Matar nan ta doshi hamsin sai jikinta ya juya mata baya. Al'ada ta zo wata guda, ta ɓace wata uku, har ta rasa ranar salla da ranar hutu. Tana tsakiyar ɗinki zafi zai taso mata daga ƙirji ya game fuska, gumi ya jiƙe awon da ta rubuta. Rannan ta yanka wa riga hannun hagu biyu, ta zauna tana kallonsu, ta fashe da kuka. Ƙanwarta ta ce jifa ne. Mijinta ya ce, "Ko dai ciki ne, a wannan shekarun?" Ita kuwa tsoronta hauka, don haka ta ƙudura a ranta za ta sayar da keken, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta je karatun hantsi wurin Malama da niyyar tambaya, amma kunya ta zaunar da ita can baya, bakin ƙofa. Ana cikin karatu sai Malama ta dakata.

"Ku buɗe wa mai ɗinki taga, zafin na tafe."

Maɗinkiyar ba ta jin komai a lokacin. Tana shirin cewa lafiyarta ƙalau, sai ga shi ya taso.

Malama ta ce a hankali, "Ba hauka ba ne, 'yata, ba kuma jifa ba. Jiki ne yake sauke wani kaya. Ki je wurin likitar mata, ki dawo in warware miki hukuncin sallarki. Keken kuwa, ki bar shi inda yake."

Maɗinkiyar ta fito tana juya abin: ko ƙanwarta ce ta faɗa? To ƙanwar ma ai ba ta san zancen keke ba. Likita ta tabbatar da maganar: al'ada ce take shirin ɗaukewa. Zafin bai tafi nan take ba, amma tsoron ya tafi, ta koma shagonta, har yau tana ɗinki tana dariyar mantuwarta. Yadda Malama ta sani kuwa, ba ta gano ba.

Tsarki ya tabbata ga Mai sanar da bayinSa abin da Ya so. Allah Ya haskaka makwancin Malama, Ya yayyafa mana albarkarta, amin.