Dattijon da Ya Share Gilashi Kafin Baƙo Ya Iso

Akwai wani dattijo a wani gari wanda ya yi aikin gwamnati shekaru masu yawa. Da ya ajiye aiki, sai ya ɗauki abin da aka sallame shi da shi ya gina shaguna uku a bakin hanya, kowane shago da babbar tagar gilashi, ya ba da su haya. Ɗaya mai aski ne ya kama, ɗaya mai sayar da magani. Na tsakiya kuwa wata gwauruwa ce mai ɗinki, sunanta Briskila, amma kowa Maman Kefas yake ce mata. Da hayar shagunan nan dattijon yake ci, da keken ɗinkin nan kuma Maman Kefas take riƙe 'ya'yanta huɗu.

'Yar dattijon, wadda take aiki a birni, ita ce ta matsa masa ya yi wa shagunan inshora. Inshora, ga waɗanda ba su sani ba, ita ce ka riƙa ba wani kamfani ɗan abu kowace shekara, su kuma su yi maka alkawari, in ɓarna ta sami kayanka za su gyara. Kowace shekara yana biya yana gunaguni, amma yana biya.

Ana nan, wata Asabar da la'asar, farkon watan Disamba, aka tashi daga wasan ƙwallo tsakanin unguwanni biyu, sai faɗa ya kaure. Samari suka biyo juna da jifa har bakin hanya. Kafin a raba su, tagogin nan uku duk sun zube. Mun gode wa Allah ba wanda ya ji rauni. Amma gilashi ya watsu ko'ina, a ƙofa, a kan kujerar aski, har cikin atamfofin mutane da aka kawo ɗinkin Kirsimeti.

Dattijon ya zo ya tsaya yana kallon ɓarnar. Ba shi da halin sayen ko taga ɗaya, balle uku.

Maman Kefas ta ce, "Baba, mata biyu sun riga sun zo sun karɓe kayansu. Sun ce ba za su bar atamfa a shagon da akuya ma za ta iya shiga ba. In Kirsimeti ya wuce ni a haka, ni da yaran nan ban san inda za mu sa kai ba."

Ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Ai shi ya sa aka yi inshorar."

Ya kira kamfanin a waya. Suka ce ranar Talata da safe za su aiko mutuminsu ya duba ɓarnar. Suka ƙara da cewa, "Baba, kada a taɓa kome. A bar shi yadda yake har ya zo." Ya ce ya ji.

To, amma daga Asabar zuwa Talata akwai nisa ga mutum mai kunya. Ranar Lahadi masu dawowa daga sujada suka riƙa tsayawa suna kallo. Wasu suna cewa, "Sannu, Baba, Allah ya mayar." Wasu kuwa suna raɗa wa juna, "Duk layin nan nasa kaɗai aka farfasa? Ko dai ya taɓa wani ne?" Wata mai sayar da ƙosai a tsallaken hanya ta ɗaga murya ta ce, "Baba mai shaguna, yau an huta da fanka, iska kyauta!" Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushin yaƙe. Wani ya fito da waya zai ɗauki hoto, dattijon ya daka masa tsawa, "So kake ka watsa ni a duniya? Mayar da ita aljihu!" Haka ya hana kowa ɗaukar hoto, har da masu hayarsa.

Ranar Litinin da yamma ya zo da tsintsiya da buhuna.

Maman Kefas ta ce, "Baba, ba sun ce kada a taɓa ba?"

Ya ce, "Na ji su da kunnena. Amma babban mutum ne zai taso daga birni saboda ni. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa karɓar baƙo a cikin datti ba, ba kuwa zan fara da furfura ba. Me zai koma ya ce? Ya ce ya je ya tarar da wani tsoho zaune a kan juji?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna shi ne mai shagon, kuma a shekaru ya haife ta. Ta karɓi tsintsiya. Suka share tas. Suka cire sauran gilashin da ya maƙale a jikin ƙarfen tagogin, ɗaya bayan ɗaya. Suka tsince duwatsun. Aka ɗura duka a buhuna, aka tura a baro aka zubar a jujin bayan kasuwa. Aka wanke daɓe. Maman Kefas ta ɗinka labule mai furanni, aka rataya wa kowace taga. Gaskiya wurin ya yi kyau, har ya fi da.

Da safiyar Talata dattijon ya sa farar babbar rigarsa, ya sa aka kawo kunun zaƙi mai sanyi, aka ajiye kujera a inuwa. Mutumin inshora ya iso, magidanci ne mai sanyin murya, da littafi a hannu. Suka gaisa. Ya sha kunu, ya yi godiya. Sa'an nan ya tashi ya ɗaga labule na fari, ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na uku. Ya duba ƙasa. Ya juyo.

Ya ce, "Baba, ina ɓarnar?"

Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mun kintsa wurin saboda zuwanka."

"Gilashin fa?"

"An kwashe."

"Akwai hoto?"

"Babu."

Mutumin ya ce, "Baba, kada ka ga kamar na raina maganarka. Amma ni abin da idona ya gani nake rubutawa. A nan na ga ƙarfe mai tsabta da labule mai kyau. Akwai masu cire gilashinsu da hannunsu su ɓoye, su ce an fasa. Akwai waɗanda ma ba su taɓa sa gilashin ba. In na koma na ce na ga fasasshen abu, na yi ƙarya. In na ce ban gani ba, ba za a biya ba."

Ya rufe littafinsa.

Maman Kefas ta zauna a bakin ƙofar shagonta, ta rufe fuska da mayafi. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Dattijon ya dube ta, ya dubi labulen da ta ɗinka da hannunta don ta faranta masa rai. A nan ya gane abin da ya yi.

Ya ce, "Yallaɓai, ka ba ni ɗan lokaci. Na san inda yake."

Ya kama hanyar bayan kasuwa da farar rigarsa, rana tsaka, kasuwa cike. Mutane suka bi shi da ido, wasu suka bi shi da ƙafa. Da ya isa jujin, an riga an zuba sharar safe a kan buhunan: ruɓaɓɓen tumatir, gashin kaji, ruwan wankin kifi. Ya tattare hannun riga, ya durƙusa, ya shiga tonawa da hannu. Mutumin da ya hana a ɗauki hoton tagarsa, ga shi yau a kan juji, kowa yana kallo.

Yana cikin tono sai ya ga wasu hannuwa kusa da nasa. Mutumin inshora ne. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe wando, ya hau jujin.

Dattijon ya ce, "Haba, Yallaɓai! Sauka, kada ka ɓata kayanka. Wannan kunyata ce, ba taka ba."

Mutumin ya ce, "Baba, ai aikina ke nan. Ni ba a kirana inda ake lafiya. Kullum inda abu ya fashe nake zuwa. Da ka bar mini shi a ƙofarka, da tuni mun gama."

Suka jawo buhu ɗaya, suka jawo na biyu. Aka zazzage a ƙasa. Ga duwatsun, ga gilashin. A cikin ɗaya aka sami gutsuren da aka zana almakashi da jan fenti, alamar shagon ɗinki. A cikin ɗayan aka sami rabin rubutun shagon magani. Mutumin ya ɗauki hoto, ya buɗe littafinsa, ya rubuta. Buhu na uku, na shagon aski, an neme shi an rasa, wataƙila masu tsintar kwalabe sun ɗauke.

Bayan kwana goma aka zo aka sa sabon gilashi a shaguna biyu. Maman Kefas ta yi ɗinkin Kirsimetinta, cikin matan da suka karɓe kayansu ma ɗaya ta dawo da nata. Tagar mai aski kuwa ba a biya ba. Katako aka buga mata, haka ta daɗe.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku saurara da kyau.

Dattijon nan mu ne. Tagogin su ne rayuwarmu: aurenmu, karatunmu, aikinmu, zuciyarmu. Jifan kuwa shi ne abin da yakan faɗo mana, wani da laifinmu, wani ba da laifinmu ba. Mutumin da ya zo dubawa yana nuna mana Ubangijinmu Yesu, wanda ya zo saboda abin da ya fashe. Tsintsiya da labule su ne abin da muke yi don kada a gani. Mukan wanke fuska, mu sa kayan Lahadi, mu zo mu rera waƙa da ƙarfi, a tambaye mu a ce yaya gida, mu ce sai godiya. Har a addu'a ma haka muke yi. Mu gode masa don ruwan sama da lafiyar jiki, mu ce amin, mu tashi, ainihin abin yana can bayan kasuwa a cikin buhu.

Don Allah kada wani ya je gida ya ce Mama ta ce Allah kamfanin inshora ne. Ban ce ba. Kamfani sai ka biya shi yake duba ka. Ubangiji kuwa shi ne ya biya, da jininsa. Kamfani bai san abin da bai gani ba, Ubangiji ya san inda kowane buhu yake, har wanda aka rasa. Ba don bai sani ba yake so mu nuna masa. So yake mu daina yi masa irin karɓar baƙo, mu bar shi ya shigo kamar na gida. Amma ku lura da tagar mai aski. Ubangiji yana gafartawa ko yaushe muka zo, sai dai ɓoyewa tana da tata ɓarnar, wani lokaci ma wanda bai share kome ba shi ne zai zauna da katako.

Zan faɗa muku abin da ya sa misalin nan ya tsaya mini a rai, na kuma nemi izinin mai abin kafin in faɗa. Babban ɗana yana birni. Aka sallame shi daga aiki, ya yi wata biyar bai faɗa mini ba. Duk ranar da na kira, "Lafiya lau, Mama. Aiki sai godiya." Sai da mai gidan da yake haya ya fitar masa da kaya waje, wata 'yar ikilisiyarmu ta gan shi a tasha ya rame, sa'an nan na ji. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce me ya sa ka yi mini haka, ni ba uwarka ba ce? Ya ce, "Mama, ban taɓa ganin kin faɗa wa kowa damuwarki ba. Na ɗauka haka ake yi."

Ni na koya masa shara. Ban sani ba, amma ni ce.

Saboda haka, ku yara da samari da 'yan mata, ina roƙonku. In abu ya fashe, ko jarrabawa ce ka faɗi, ko wani ya taɓa ki inda bai kamata ba, ko ka shiga abin da ka kasa fita, kada ka ɗauki tsintsiya. Faɗa wa Ubangiji da sunan abin, yadda yake, da dattinsa. Sa'an nan ka nemi babba ɗaya mai tsoron Allah ka nuna masa tun abin yana ƙofa, kafin ya kai juji.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, ranar da yaro ya yi ƙarfin hali ya ɗaga labule ya nuna miki, kada kalmarki ta fari ta zama, "Me mutane za su ce?" Na san ita ce take fara zuwa baki, ni ma ta zo mini. Haɗiye ta. Cire agogonki, ki durƙusa kusa da shi. In kika kunyata shi a wannan rana, ba zai ƙara nuna miki ba, zai dai ƙware a ɗinkin labule.

Yanzu in na kira ɗana ya ce mini lafiya lau, ba na saurin cewa madalla. Nakan fara faɗa masa nawa: ƙafata tana ciwo, na yi fushi da babansa ranar Laraba, ina jin tsoron abu kaza. Sa'an nan in yi shiru, in jira. Wani lokaci shirun yakan yi tsawo har in ɗauka katin ya ƙare. Daga can sai in ji ya ce, "Mama, akwai wani abu."

Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta ce masa haka. Amin.