Tafin Hannu Goma Sha Bakwai

Ku gyara zama, kuma kada wanda ya tari numfashina sai na kai aya. Na san halinku, ba a gama ba ku labari ba kun yanke hukunci.

A Birnin Gawo akwai wata tsohuwar hasumiya ta ƙasa, doguwa, wadda matafiyi ke hangowa tun da sauran tafiyar rabin yini a gabansa. Da tubali aka tayar da ita, aka ɗaure da azara, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an sake mata yaɓe. Gida ɗaya ke wannan aiki tun kaka da kakanni, gidan magina da ke jingine da gindinta. Suna da wata al'ada: duk wanda ya gaji aikin, ran da ya yi yaɓensa na farko zai danna tafin hannunsa a ɗanyen bango, can cikin matakala. Tafi goma sha bakwai ne a jere daga ƙasa zuwa sama. Na ƙarshe na Magini Shekarau ne, wanda ya tsufa har idonsa ya tafi, bai kuwa naɗa magaji ba tukuna. 'Ya'yansa uku: Barmo direban babbar mota, Jatau magini, da ƙanwarsu Delu.

Wata shekara hasumiyar ta tsage ta gabas. Shugaban ƙaramar hukuma, mutum ne mai son a ja kwalta a kira sunansa, ya ce dama ta tare hanya, yanzu kuma za ta kashe mutane. Ya aiko da katafila. Mutanen gari, waɗanda suka girma a inuwarta, suka fito suka yi cirko-cirko suna kallo, har da masu tallar gyaɗa. Ni ma ina cikinsu, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma har yau abin yana cina.

Barmo ne ya fara motsawa. Tuƙi ya kai shi nesa. Ya ga masallacin ƙasa na Jenne a Mali, inda gari guda ke fitowa a yaɓe shi, ya tsaya a gindin hasumiyar Agadas, ya kuma ji daga bakin waɗanda suka je Masar yadda ake tattalin dalar Fir'auna. Ya san akwai wata hukuma a duniya da ke rubuta irin waɗannan gine-gine, in ta rubuta kuwa babu mai taɓa su. Sai ya ɗauko motarsa, wadda ita kaɗai ya mallaka, ya gicciya ta tsakanin katafila da hasumiya, ya kashe, ya zauna a ciki. Ya ce, "Sai dai ku bi ta kaina." Aka kama shi ya yi mako uku a tsare, motar kuma aka ja ta aka ajiye a rana har ta ruɓe. Da ya fito bai ko huta ba, ya yi ta bin ofis-ofis a babban birni, ana kora shi kamar kaza, har ya samo takarda cewa kada a taɓa ginin sai masana sun zo bayan damina. Ba don shi ba, da tun ranar nan hasumiya ta zama ƙura.

To, amma takarda ba ta tare ruwan sama. Nan Jatau ya shigo. Wasu masu son taimako suka kawo siminti, ya ƙi. Ya ce siminti kan rufe danshi a cikin ƙasa, bango ya ruɓe ta ciki yana sheƙi ta waje. Suka ce taurin kai gare shi, suka kwashe kayansu. Ya tara ɓawon ɗorawa ya jiƙa ya haɗa makuba, mai hana ruwa cin bango, ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau. Leburorin da ya ɗauka suka ji bango yana motsi, suka gudu ba sallama. Kwana arba'in yana cike tsagar nan yana sauya azara. Ran da zai gama, wata tsohuwar azara ta karye da shi, ya faɗo, ƙugunsa ya karye. An yi ɗori, amma har gobe da sanda yake tafiya, kuma ya yi sallama da hawa gini. Daminar shekarar nan ta rushe gidaje da yawa a garin, hasumiya kuwa ko gezau. Ba don shi ba, da masana sun tarar da tudun laka.

Masana suka zo bayan kaka, su uku. Suka zagaya, suka auna, suka ce ginin ya yi kyau, amma ina shaidar shekarunsa, kuma wa ya gina? Babu takarda ko ɗaya. Dattawan gari suka ce wani sarki ne ya tayar da ita cikin kwana bakwai. Masana suka yi murmushi suka fara naɗe kayansu. Sai Delu ta yi magana. Shekara tara ta yi tana jinyar kakarsu, kuma a bakin tsohuwar ta haddace abin da mazan gidan suka raina. Ta shiga da su matakala, ta fara daga sama tana sauka, tafi bayan tafi, tana faɗin sunan mai shi da abin da ya faru a zamaninsa: wannan shekarar fara, wannan yaƙi, wannan yunwar da aka ci ganye. Suka duba littattafansu suka ga zancenta ya hau daidai. Da suka iso tafin farko, can ƙasa, sai ga yatsu huɗu kawai. Suka tambaya.

Wannan ne sirrin da gidan ya binne tun da daɗewa. Delu ta dubi ubanta da ke dafe da bango, sannan ta ce, "Sunansa Dangana. Bawa ne kamamme. An yanke masa yatsa don ya taɓa gudu. Shi da 'yan'uwansa bayi suka gina ta, kuma shi ne kakanmu." Maganar nan ce ta sa masana suka sa hannu. Kafin ta iso gida zance ya riga ta. Dangin mijinta suka ce ashe jinin bayi suka kwaso, mijin ya ba ta takardarta, ya riƙe 'ya'yanta biyu. Ba don ita ba, da wahalar yayyenta ta tashi a banza.

Aka rubuta hasumiya cikin manyan gine-ginen tarihi. Aka yi biki. Shugaban da ya aiko katafila shi ya yanka kirtani, ya ce burinsa ke nan tun yana yaro. A allon ƙofa aka sa sunansa da na sarkin nan na kwana bakwai. Dangana kuwa yana cikin littafin masana, da harshen da ba mai karantawa a garin.

Sai doka ta biyo baya: duk ginin da ke kusa da hasumiya a share shi, baƙi su sami wurin ajiye mota. Katafilar nan dai ita ta dawo, ta baje gidan magina cikin hantsi guda. Aka bar ɗaki ɗaya na mai gadi, da mabuɗi ɗaya. Mutum ɗaya daga gidan zai zauna ya riƙe, sauran an ba su fili a bayan tasha, kuma in suna son ganin tafin kakanninsu sai sun yanki tikiti a ƙofa.

Aka damƙa wa Magini Shekarau mabuɗin, aka ce ya faɗi suna kafin Juma'a. Ya juya shi a hannu ya ce, "Ni na ɗauka ruwa ne zai raba mu da ita." Ya kira 'ya'yansa.

Barmo ya ce, "Baba, ni na tsayar da katafila, kuma ba ni da mota yanzu." Jatau ya ce, "Kai kuma ka jawo mana waɗanda suka rushe gidan. Ni ƙafata na bayar." Barmo ya ce gurgu ba ya hawa matakala, balle ya yi yaɓe. Su biyun suka juya kan Delu, suka ce ta tona asirin gida. Ta ce, "Yaya, gaskiya na faɗa, kuma ku kuna kwana da 'ya'yanku."

Tsoho ya rufe hannunsa a kan mabuɗin, hawaye na fita daga idon da ba ya gani.

To, ga ku ga shi. Ɗaki ɗaya, mabuɗi ɗaya, kuma gobe Juma'a. Tsakanin Barmo da Jatau da Delu, wa ya fi cancanta tsohon nan ya miƙa wa?