Murjanin Hamadu Da Tafasasshen Ruwa

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Jambutu ta Garwa, sunansa Hamadu Mailafiya. Ba shi da mugunta, amma yana da ciwo ɗaya: shi kaɗai ya iya, shi kaɗai ya sani.

Wata tafiya da ya yi Duwala, ya dawo da abin da ba a saba gani ba. Akwatin gilashi ne babba. Ya cika shi da ruwan gishiri, ya jera duwatsun teku, a kansu kuma murjani mai rai, mai rassa kamar ƙahon barewa. Ku ji fa, a Garwa, inda zafi ke hana kaza kiwo. Na'urar sanyaya falo ta koma ta murjani, in an ɗauke wuta kuma don shi ake tada inji.

Norbert, wanda ya sayar masa da kayan, ya ja masa kunne sosai. Ya ce a jikin duwatsun akwai wasu ƙananan halittu kamar maɓallan riga, dafi gare su. Kada a taɓa su da hannu, kada ruwan zafi ya kusance su, domin tururinsu na iya kisa.

Hamadu ya ji, ya bar wa cikinsa. Duk lokacin da matarsa Aisatu ta tambaye shi game da akwatin, sai ya ce, "Wannan ba miyar yakuwa ba ce. Ki bar min kayana."

Ana nan, maɓallan suka yaɗu, suka fara cin gindin rassan murjanin har suna fari. Wata safiya Hamadu ya sa safar hannu, ya ciro dutsen da suka fi yawa a kai, ya ajiye a roba bayan madafa. Ya tafi shago da niyyar in ya dawo ya san yadda zai yi da shi. Bai ce wa kowa uffan ba.

Kafin azahar ƙarni ya cika gidan. Aisatu kuwa mace ce mai tsabta, maganin ƙarni a wurinta ɗaya ne, wanda take yi wa kwanon kifin kogin Binuwai: tafasasshen ruwa. Ta shigo da robar cikin madafa, ta juye tukunya a kan dutsen. 'Yarsu Halime, 'yar shekara shida, tana tsugune a gefe tana kallon tururi.

Da la'asar wayar Hamadu ta yi ƙara.

"Baban Halime, ka zo maza," in ji Aisatu, tari yana yanke mata magana. "Yarinyar nan numfashi ya gagare ta. Ni ma ƙirjina kamar an ɗaure."

"Me kuka ci?"

"Ba mu ci komai ba. Dutsenka kawai na wanke da ruwan zafi."

Hamadu ko shago bai rufe ba ya haye moto, wato babur.

Ya tarar da Halime kwance a tabarma, jiki kamar wuta, idanu jawur, leɓɓanta sun yi duhu. Kowane numfashi sai ta yi kokawa kafin ya fito. Ya kira sunanta, ba ta amsa ba. Ya sungume ta, maƙwabta suka kamo Aisatu.

A asibiti likita, Madam Béatrice, ta zaci maganin ƙwari suka shaƙa. Dole Hamadu ya buɗe baki ya faɗi abin da Norbert ya gaya masa. Ta ɗago ta dube shi.

"Alhaji, ka san haka, amma mutanen gidanka ba su sani ba?"



Aka sa wa Halime na'urar iska, aka rufe ƙofa. Hamadu ya zauna a benci, addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakinsa. Duk buɗe ƙofa sai ya miƙe tsaye, yana jiran a ce masa ya yi haƙuri. Wallahi irin wannan tsoro ko maƙiyi ba na yi masa fatansa.

Allah Ya yi da sauran kwana. Bayan 'yan kwanaki aka cire na'urar, Halime ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Aisatu tana gadon gefe, muryarta a disashe. Ta ce, "Baban Halime, da hannuna na zuba ruwan nan, yarinyar tana kusa da ƙafata. Da ta tafi, wa za a ce ya kashe ta? Ni ko kai?"

Har yau in Halime ta yi gudu a tsakar gida sai tari ya tsayar da ita, kuma duk inda Hamadu yake a gidan yana ji.

Darasi: Ilimin da girman kai ya sa ka ɓoye wa iyalinka, wata rana shi zai cuce su. In ka shigo da abu mai haɗari gida, ka faɗa wa kowa, babba da yaro, kada ka raina hankalin wanda kuke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa wannan, wataƙila ya tsare wani gida.