Bareyi Bakwai da Jirgin Mai Ɗaukar Hoto

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu ta Daura, ba zan kama sunansa ba. Wata ranar kasuwar Mai'adua, da hantsi, yana tsaye kan tudu yana ihun murna, bareyi bakwai na gudun ceton rai a gabansa. Ba kare ne ke korar su ba, ba maharbi ba. Ɗan jirgi ne maras matuƙi mai kyamara, yana ƙugi bisa kawunansu, linzaminsa na hannun mutumin nan.

Ya 'yan uwa, bari in koma baya kaɗan ku ji yadda aka zo nan.

Mutumin mai ɗaukar hoto ne, kuma Allah ya ba shi basira. Ya gaji da hoton biki, ya sayi jirgin nan ya koma namun daji. Ya ɗauko shamuwa a sheƙarta, ya ɗauko zabin daji suna kiwo, jama'a na gani a waya suna tasbihi. Akwai laifi a nan? Babu.

Sai ya ji labarin Baba Nagoggo, tsohon maharbin da ya rataye bindigarsa, wanda ya san wani kwari a gefen garin Babban Mutum inda ragowar bareyi ke shan ruwa. Sau huɗu yana zuwa roƙo kafin tsohon ya yarda.

"Zan kai ka, ɗan nan," in ji Baba Nagoggo, "amma ka bar abin naka can sama. Biyu suna da ciki. In suka firgita ba sa duba gabansu, ga kuma hanyar mashina bayan geron can."

"Haba Baba, yau na fara tashinsa? Wallahi ko ƙararsa ba za su ji ba."

Kun ji? Da sunan Allah ya rantse.

Suka isa, ya tashi jirgi, ya buɗe wa mabiyansa na intanet suna kallo kai tsaye. Bareyi na shan ruwa cikin natsuwa. Masu kallo ba su kai hamsin ba. Wani ya rubuto, "Malam, waɗannan ai awakin kakata ne." Wani ya ce, "Tayar mana da su mu ga gudu."

Mai jirgin ya saci kallon tsohon. Ya danna linzami ƙasa.

Bareyi suka watse kamar an harba su. Masu kallo suka haura ɗari biyar, suka haura dubu, yabo na zubowa. Tsohon ya riƙe masa hannun riga yana cewa, "Ɗaga shi, ɗan nan, hanya suka nufa." Ya fizge hannunsa, ya ƙara sauke jirgin.

Suka keta geron. Daidai nan ga ɗan acaba ya taho a guje daga kasuwa, ya goyo wata mata. Babban namijin bareyin ya yi tsalle ya daki mai mashin a ƙirji. Ƙura ta tashi.

Kun san abin da ya fito daga bakin mai jirgin? Dariya. "Jama'a, kun ga wannan?" Maimakon ya ruga taimako, sai ya matsar da jirgi don ya samu hoto mai kyau. Ƙura ta lafa. Ga koren mayafi a ƙasa, wanda shi da kansa ya saya wa mahaifiyarsa da ƙaramar sallah.

Ɗan acaban, Suhaibu, bai kai asibiti ba. Barewa ɗaya mai ciki ta faɗi cikin geron ba ta tashi ba. Mahaifiyar ta rayu, amma ƙugunta ya karye, ba ta ƙara takawa ba.

Mai jirgin ya ce wa dangi tsautsayi ne, bareyin da kansu suka firgita. Ya manta mutum dubu sun gani, wasu sun adana. Wata mata da ta zo dubiya ta kunna wa tsohuwar hoton. Ta ji muryar ɗanta yana dariya lokacin da take kwance cikin ƙura. Ba ta zage shi ba. Ta juya fuskarta bango. In ya yi sallama, sai ta ce wa ƙanwarsa, "Ce masa ina barci."

Ya fasa jirgin da dutse. Hoton fa, da wane dutse zai fasa shi?

Kwana arba'in da faruwar abin, yana zaune ƙofar gida, wani dogon mutum ya sauka daga mashin, waya a hannu.

"Kai ne mai jirgi? Sunana Badaru, yayan Suhaibu ne ni. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Tashi mu je, alƙali zai so ya ji wannan dariyar."

Ya 'yan uwa, jirgi bai yi zunubi ba, kyamara ba ta yi ba. Mutum ne ya karya rantsuwa, ya ci amanar dattijo, ya firgita dabbar da ba ta yi masa komai ba, don mutanen da bai taɓa gani ba su yabe shi. Ina masu yabon yau? Wa ya zo ya juya masa tsohuwarsa a kan gado? Ku da ke riƙe da waya, kafin ku danna, ku tuna akwai Mai gani daga sama wanda ba ya buƙatar jirgi.

Allah ya kiyaye mu daga son a gani da cin amana, ya sa iyayenmu su amsa sallamarmu har ƙarshen rayuwarsu. Amin.