Motar da ta Cinye Kujerar Makka

An yi wani mutum a nan cikin birni, wajen Ƙofar Kuyambana, akawu ne a ofishin gwamnati. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna raye.

Shekarun da naira ta fara lalacewa, abokan aikinsa suka yi ta sayen Fijo, shi kuwa yana nan da kekensa. Abin ya tsaya masa a rai. Matarsa Asama'u ta ce ya yi haƙuri ya tara, ya saya kuɗi hannu. Ya ce kafin ya tara ya tsufa. Aka ce ya nemi rancen banki, ya ce a'uzubillahi, shi ba ya kusantar riba. Kun ji mai tsoron Allah!

To, akwai wani dattijo a unguwar, Malam Bahago, mai ɗinkin babbar riga, aminin mahaifinsa marigayi. Shekara goma sha tara yana tara kuɗin kujerar Makka da allura, kowa ya sani.

Sai mutumin nan ya shiga gina suna. Ya je wurin dattijon ya ranci naira hamsin, ya ce sati biyu, ya mayar a kwana goma. Ya sake rantar ɗari, ya mayar kafin ranar. Ya 'yan uwa, ko kwabo bai taɓa kashewa ba, ƙarƙashin katifa yake ajiyewa. Ba buƙata ce ta kai shi ba, so yake a ce da shi mai cika alkawari. Aka kuwa ce. Dattijon da bakinsa ya riƙa yabonsa a ƙofar masallaci.

Ran da ya ga yarda ta kankama, ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, wata shida ya rage a biya kujera. Ba ni kuɗin na juya, in dawo da su a wata huɗu."

Dattijo ya shiga ɗaki ya ɗauko. Babu takarda, babu shaida.

Ya tafi Kaduna ya sayo Fijo ta hannu. Duk wanda ya tambaya, sai ya daki ƙirji ya ce lakadan ya biya. Lissafinsa shi ne ya riƙa haya da ita Asabar da Lahadi. Ina! Yau taya, gobe bakanike, ga albashi ya fara makara. Wata huɗu ya wuce, shida ya cika, aka rufe karɓar kuɗin kujera.

Malam Bahago bai aiko ba, bai zo ba. Wannan shirun shi ya fi cin mutumin nan. Ya daina bin lungun dattijon, ya canza masallaci. In ya hango farar hula irin ta dattijon daga nesa sai ya sauya hanya. Wace irin mota ce wannan, da mai ita ba ya iya ɗaga kai a unguwarsu?

Ranar da maniyyata za su tafi sansanin alhazai, mai unguwa ya roƙe shi ya kai mutum uku na unguwar. Ba halin ƙi. Yana cikin ɗaure jakunkuna, sai ga Malam Bahago ya fito rakiya, yana dogara sanda. Ya yi musafaha da matafiya ɗaya bayan ɗaya, ya ce su tuna da shi a Arfa. Sannan ya ɗora hannu a kan motar, ya dubi mutumin nan, ba fushi a fuskarsa, ya ce:

"Ɗana, tuƙa a hankali. Ko ban je ba, ai kuɗina sun raka alhazai."

Kowa ya gane. Mutumin nan ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Daga ranar ko mudun gero ba mai ba shi sai ya ajiye kuɗi. Ya sayar da motar, ba ta kawo rabi ba. Kafin ya haɗa sauran, kuɗin kujera ya ninka, idon dattijo ya daina ganin kafar allura. Ran da ya kai cikon, a kan tabarmar zaman makoki ya ajiye su, gaban magadan dattijon.

Ya 'yan uwa, rance don buƙata halal ne, kuma biya a kan lokaci halin kirki ne. Amma wanda ya cika ƙaramin alkawari don ya samu hanyar cin babban, mayaudari ne tun ranar farko. Abin da aljihunka bai kai ba, ka haƙura har ya kai. Kuɗi an biya magada. Hajjin fa, wa zai biya Malam Bahago?

Allah ya wadata mu da halal, ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Amin.