Yadda Gwani Ya Watsa Zauren Fassara

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da kowa ke kira Gwani, kuma sunan bai faɗi banza ba. A ɗan shagonsa mai cike da wayoyi da matattun batura, tsofaffin kwamfutocin da aka fid da rai da su yake tayarwa. Yana ɗora musu wata babbar manhaja ta kyauta, wadda 'yan sa-kai daga ko'ina suke haɗuwa su gina, kowa ya kawo abin da ya iya.

Gwani ne ya fara fassara ta zuwa Hausa. Shekaru ya yi yana wannan aiki, har aka damƙa masa duba duk gyaran da wani ya turo. Ya buɗe zauren tattaunawa a waya domin masu son taya fassarar, mutane suka yi ta shigowa.

Daga nan kansa ya fara rawa. Wanda ya tambayi yadda ake farawa, sai ya ce, "Je ka karanta, nan ba aji ba ne." Wanda ya yi kuskure kuwa, ya shiga uku.

Ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ta daɗe tana sha'awar aikin, sai wata rana da ta taso daga asibiti ta zauna ta fassara wasu saƙonnin cikin manhajar, ta tura tana murna. Kalma ɗaya ta kauce mata. Gwani ya ɗauki hoton wurin ya saka a zaure, ya rubuta: "Jama'a, a bar masu allura da allurarsu."

Ta kira shi a waya. "Yaya, da ka gyara mini tsakanina da kai mana."

"Ke dai ba ki san wasa ba," in ji shi.

Ba ta sake turo komai ba. Sauran ma suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Gwani ko a jikinsa, cewa ma yake yi an rage masa hayaniya.

Sai ciwon ido ya kama shi. Likita ya ce in yana son ganinsa, ya nisanci hasken kwamfuta na tsawon watanni. Ana cikin haka sanarwa ta zo daga jagororin manhajar: sabon zubin manhajar na tafe, duk harshen da fassararsa ta tsaya a baya kuma babu mai kula da ita, za a cire shi.

Matarsa ce ta karanta masa. Ya sa ta rubuta a zaure cewa yana neman taimako. Saƙon ya nuna an gani, amma ko tari babu wanda ya yi.

Ya haɗiye girman kai ya kira ƙanwarsa.

"Yaya, Allah ya ba ka lafiya. Maganin idonka ni zan kawo maka," ta ce. "Amma wancan aikin ya fita daga raina. Ko na buɗe, hannuna ba ya iya rubutu."

Sabon zubi ya fito babu Hausa a ciki.

Ranar da ya koma shago da baƙin tabarau, wani dattijo tela ya shigo rungume da kwamfuta.

"Gwani, na danna sabuntawa, sai ta daina yi mini Hausa. Me ya lalace?"

Gwani ya daɗe yana shafa murfin kwamfutar.

"Lafiyarta ƙalau, Baba," ya ce a hankali. "Wannan ba daga ita ba ne."

Darasi: Aikin da jama'a suke ginawa ba ya rayuwa da gwani ɗaya. In ka riga wasu sani, ka ja hannun sabon shiga, ka gyara masa a asirce, domin wanda ka kunyata yau ba lallai ya dawo ranar da kake nemansa ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jagorantar zauruka.