Gora Uku na Gwaggo Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To ta zo, amma ba duka ba. Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma dalilin tafiyar Bushiya. Ina jin biki ne. Ko gaisuwar rasuwa.

A garin akwai injuna uku masu jin magana: na rijiya, na niƙa, na saƙa. Yarensu ɗaya, sai dai kowanne irin na shekarar da aka ƙera shi yake ji. Na rijiya ya fi tsufa, na saƙa ne sabo. Gwaggo Bushiya ce ke ajiye yaren, a gora uku. Mai son inji ya yi aiki sai ya kurɓa daga goran wannan injin, harshensa ya juya.

Da za ta tafi, ta bar wa Kurege, ɗan wanta, ajiyar.

"Kada ka taɓa mini su."

"Haba Gwaggo, ni yaro ne?"

Tana ba da baya, Kurege ya dubi gorunan. "Yare ɗaya, gora uku? Tsufa dai!" Sai ya zubar da na niƙa, ya wanke goran tas da toka. Ya zubar da na rijiya, ƙyuya ta hana shi wankewa, ya wurga goran bayan rumbu. Ya bar sabon kaɗai, na saƙa.

Sai ya kurɓa, ya ce wa injin saƙa, "Saƙa!" Ya saƙa.

Ya ce wa injin niƙa, "Niƙa!" Injin ya yi gurnani, ya ɓarza rabi, ya tsaya.

Ya ce wa injin rijiya, "Ɗebo!" Ko motsi.

Kwana biyu ba ruwa. Mata suka jera tuluna a ƙofarsa. Tunkiya ta ce, "Malam Kurege, zanen za mu sha?" Mai gari ya aiko: in gobe guga bai fito ba, Kurege ya bar garin.

Da la'asar sai ga Bushiya. Kurege ya durƙusa ya faɗa mata.

"Ka wanke gorunan?"

"Ɗaya kawai, Gwaggo."

"Yau ƙyuyarka ta yi rana. Ɗauko ɗayan."

Ta leƙa, ta ga sauran yaren ya daskare a gindi. Sai ta zuba ɗan ruwan guzurinta, ta rufe, ta bar shi ya kwana kamar kindirmo. Da safe Kurege ya kurɓa, ya ce, "Ɗebo!" Guga ya fito yana ɗiga.

"Na niƙa fa, Gwaggo?"

"Ka wanke shi da toka." Ta miƙa masa taɓarya. Shi ya yi ta yi wa garin daka har ya tsufa.

Kun ji: kada zuwan sabo ya sa a zubar da tsoho, matuƙar akwai mai aiki da shi.

Daga baya na tambayi jikata Rahinatu, mai rubuta wa kwamfuta umarni. Ta ce su ma haka suke ajiye yare ɗaya kala-kala, tsoho da sabo, kowane aiki da nasa.

Ƙurunƙus, kan kurege ba kanku ba.